Wane ne Jahili?

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, ku da kuka fara haɗa baƙi da wasali, ina da magana da ku kan suna guda: jahili.

Kalmar daga Larabci ta zo. Ma'anarta wanda bai san kome ba. Larabawa suna da wata kalma daban ta wanda bai koyi rubutu ba: ummiyyi. Mu kuwa mun haɗa su cikin tukunya ɗaya. Tun da gwamnatin Nijar ta buɗe ma'aikatar karatun manya a 1963, sunan da ya bi bakin mutane shi ne yaƙi da jahilci, kamar yadda ake faɗi a Najeriya.

To, ku duba da kyau. Mai haƙar rijiya a Dallol Mawri ya san inda ruwa yake kusa. Mai ƙuli-ƙuli a kasuwar Dogon Dutsi tana lissafin dala da jikka da ka, ko dala guda ba ta ɓace mata. Tsofaffin Lugu sun riƙe labarin yaƙin Sarauniya da sojan Faransa na 1899 ba tare da takarda ba. Malamin allo yana rubuta wasiƙa da ajami, amma don bai yi lakwal ba sai a ce da shi jahili. Haba! Waɗannan ne ba su san kome ba?

Sunan nan yana da ɓarna. Na san magidanta a Matankari da Tibiri da suka ƙi zuwa aji don kar a ce ga jahilai can sun taru. Kunya ta zaunar da su gida. Har yau dangwala yatsa suke bisa takardar bashi ko ta gona, ba su san abin da ke ciki ba.

Shi ya sa ni, a ajina, ba na faɗin wannan kalma. Wanda bai fara ba, ina cewa bai iya karatu ba tukuna. Ku riƙe tukunan nan, don ita ke barin ƙofa buɗe. Wanda ya fara, ɗalibi ne. Ku da kuka kawo ƙarshen wannan shafi da kanku, sababbin masu karatu ne.

In kun koma gida, kar ku kira maƙwabcinku jahili. Ku ce masa gemu ba ya hana ilimi, ku zo da shi aji gobe da marece.