Umarnin Kotu da Hanyar Buruku

A 2017 ina koyarwa a wata firamare a bakin Birnin Gwari, ta ɓangaren dajin Kamuku. Shekarar ce gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, za a sallame su. Ni Allah ya tsallakar da ni. Dattijon da ya koya mini riƙon alli, wanda furfura ta same shi a cikin aji, sunansa ya fito cikin waɗanda suka faɗi.

A watan Disamba muka ji a rediyo cewa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Kaduna ta ce a dakata da korar har sai ta saurari ƙarar da ƙungiyar malamai ta NUT ta shigar. Muna zaune a gindin darbejiya. Dattijon ya zura hannu aljihu ya ciro takardarsa ta ɗaukar aiki a cikin leda, ta yi jawur don tsufa, duk ninkin an liƙe shi da salatif.

"Ɗana, wannan umarni har da mu, ko na mutanen Kaduna ne?"

Na ce, "Baba, har da ku. Ai kotu ce ta faɗa."

Wakilin ƙungiya da ya zo mana a makon ne ya warware mana yadda abin yake. Dokar rikicin ƙwadago ta 1976 ta ce idan ƙungiya da mai ɗaukar ma'aikata suka saɓa, a fara da mai shiga tsakani. In ya gagara, Ministan Ƙwadago ya tura su gaban kwamitin sasanci na IAP. Wanda bai gamsu da hukuncin kwamitin ba yana da damar ya ce bai yarda ba, a miƙa maganar Kotun Ma'aikata ta sake dubawa. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaga wannan kotu ta zama daidai da babbar kotu, kuma a 2017 ɗin, a shari'ar Skye Bank da Iwu, Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara daga can. Na ji daɗin wannan tsari, har yau ma ina ganin kyansa. Masu sasanci 'yan Adam ne, dole a sami na sama da su da zai duba aikinsu.

Sai dai takardun sallama ba su daina fitowa ba. NUT ta shiga yajin aiki ranar 8 ga Janairu 2018, ta janye ranar 18, bayan an ce waɗanda aka kora suna iya sake neman aikin.

Ban ce duk wanda aka sallama gwani ne ba. Na ga malamin da ba ya iya karanta abin da ya rubuta a allo, kuma 'ya'yan talakawa ne ke kwana a ciki. Amma dattijon nan abu ɗaya ya nema: a nuna masa takardar jarrabawarsa, a saurare shi. Ofishin da ya je aka ce ya dawo gobe, goben ba ta zo ba.

In zai bi haƙƙinsa shi kaɗai, sai ya tafi Kaduna, fiye da kilomita 100, ta hanyar Buruku, a lokacin da direbobi ke jiran juna su taru kafin su ratsa daji saboda masu garkuwa da mutane. A watan Mayun 2018 aka kashe mutane da dama a Gwaska. Ga kuɗin lauya, ga albashi ya tsaya. Ya haƙura ya koma gona, gonar ma daga baya ta gagari zuwa.

A Yuni 2022 aka sake sallamar malamai 2,357, har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba. In shugaba bai tsira ba, ina ga malamin Kuyello ko Dogon Dawa?

Ina roƙon Kotun Ma'aikata ta riƙa fitowa zama a garuruwa irin namu, ƙungiyoyi kuma su ɗauki lauyan da zai tsaya wa kowane korarre da sunansa.