Ƙofar da Aka Buɗe

Duk garin da ya kewaye kansa da ganuwa ya san yana da abin tsarewa, wanda kuma ya yi wa ganuwar ƙofa ya amince ba zai rayu shi kaɗai ba. A tsakanin waɗannan buƙatu biyu birnin Katsina ya yi ɗaruruwan shekaru yana auna lamarinsa. Ƙofofinsa sanannu ne ga duk wanda ya sha ruwan garin: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar 'Yandaka. Da dama daga cikinsu sunayen manyan sarautun ƙasar suke ɗauke da su, kamar dai magabata sun so kowace mashiga ta zama amana a wuyan wani babba. A cikinsu duka, wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Ƙofar 'Yandaka, wadda ke fuskantar hanyar Batsari, domin ta nan ne aka yi wa Katsina tambaya mafi nauyi a tarihinta.

Abin da ganuwar ke tsarewa ya wuce rumbuna da dukiyar fatake. Birni ne na malamai da waliyyai. A nan hasumiyar Gobarau take tsaye tun zamanin da almajirai ke tahowa daga nesa neman ilimi, a nan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka karantar a ƙarni na 17, a nan kuma aka binne su. Masu ba da tarihi na jingina ginin babbar ganuwar ga Sarki Ali Murabus. Da baƙon nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso a 1851, ya ƙiyasta kewayenta da mil 13 zuwa 14, ya kuma lura da cewa fili mai yawa a ciki babu gidaje. Wannan fili yana da dalili. In yaƙi ya taso, mutanen karkara kan kwaso iyali da dabbobi su shigo, a noma abin da za a ci a cikin birni har ƙura ta lafa. Da faɗuwar rana sarkin ƙofa ya tura ƙyaure, da asuba ya buɗe, amma ranar da aka ga ƙurar mahara, aikinsa shi ne ya jinkirta rufewa har mai gudu na ƙarshe ya shigo.

A shekarar 1903 baƙin da suka tunkaro ba irin waɗanda aka saba ba ne. A watan Fabrairu igwar Turawa ta fasa tsaron Kano, a watan Maris Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya kama hanyar hijira wadda ta ƙare da shahadarsa a Burmi. Daga Sakkwato Lugga ya nufo Katsina, ya shiga ta Ƙofar 'Yandaka ba tare da an harba ko kibiya ɗaya ba. Sarki Abubakar da manyan fadarsa sun zaɓi su tarye shi da lumana.

Wannan zaɓi har yau bai daina jawo magana ba. A ɗakunan kwanan ɗalibai na sha jin abokai daga wasu garuruwa suna tsokanar Katsinawa cewa wasu an fasa musu ganuwa, wasu kuwa da hannunsu suka zare sakata. Wasa ne, amma akwai ƙaya a cikinsa. Wata rana da na zo hutu na kai wa kakata maganar. Tsohuwa ce da ta tashi a wannan shiyya ta gari, ta kuma ji labarin zuwan Nasara daga bakin tata kakar.

Na ce, "Kaka, me ya hana mutanenmu rufe ƙofa a ranar?"

Ta ajiye tasbaharta ta dube ni. Ta ce, "Maigidana, ka taɓa jin ƙarar igwa?"

Na ce ban taɓa ba.

Ta ce, "To, su labarinta ya riga ta isowa. Wanda ke goye da jariri ba ya shiga kokawa. Da sun rufe, wa ya san ko kakata za ta kai ga haihuwar uwata, balle ka zo ka zauna kan tabarmata kana yi mini tambaya?"

Maganarta ba ta rage darajar waɗanda suka tsaya suka yi shahada ba, ita kanta takan yi musu addu'a. Ta dai nuna mini cewa akwai jarumtar da ba a yi wa kirari: mutum ya haɗiye girman kansa domin wasu su kwana da rai. Hausawa sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa, sai dai wannan wasan ya zo da tsada. Sarki Abubakar bai daɗe ba Turawan da ya buɗe wa ƙofa suka tuɓe shi, kuma a 1906 sarauta ta koma hannun Durɓi Muhammadu Dikko. Ikon yanke hukunci na ƙarshe ya bar fada, haraji ya sauya kama, aka shiga zaman shekara kusan sittin ƙarƙashin baƙo. Duk da haka Gobarau ba ta rushe ba, zaurukan karatu ba su watse ba, makabartar waliyyai ba ta ga wuta ba. Sarkin ya rasa gadonsa, birnin ya tsira da mutanensa.

Abin da igwa ba ta yi wa ganuwar ba, diga da shebur sun yi mata daga baya. An ɗebi ƙasarta an yi tubali, an yanka gurbinta an yi filaye, damina ta cinye abin da ya saura, tunda aikin gayyar da ake yi na yaɓe ya mutu. Yawancin ƙofofin an sake gina su da siminti, suna tsaye a tsakiyar titi babu bango dama babu bango hagu, motoci da babura na ratsawa ba mai ɗaga kai. Yaro zai iya tambaya, da gaskiyarsa, me ake rufewa da ƙofar da ana iya zagaye ta.

Amsar na zuwa ne ta hanyar da ƙofar ke kallo. A 'yan shekarun nan, tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Batsari, Safana da Jibiya, na ga mata da ƙullin kaya a ka, yara riƙe da gefen zanensu, suna saukowa daga motocin haya a wannan shiyya. Sun bar gonaki da rumbuna, wasu sun bar kaburbura sababbi. Babu wanda ya karantar da su tarihin Ali Murabus, amma ƙafafunsu sun bi sawun da kakanninsu ke bi in mahara sun taso: a nufi birni, birni ba ya korar mai neman mafaka. Bambancin shi ne yanzu babu sarkin ƙofa da zai jira su, babu filin noma a ciki da aka keɓe dominsu. Akwai kango, da barandar shago, da zauren wanda Allah ya sa ya tausaya.

Saboda haka nake ganin gyaran Ƙofar 'Yandaka bai tsaya ga fenti da allon tarihi ba, ko da yake tana buƙatar duka biyun, kuma ragowar ganuwar ta cancanci dokar da za ta hana a ƙara taɓa ta. Amanar da ke rataye da sunanta ita ce ran wanda ya shigo ta cikinta. Mutanen 1903 sun biya wannan amana da mulkinsu. Abin da ake nema a wurin mutanen yau bai kai haka tsada ba: kwanon tuwo, ɗakin da ba kowa, gurbi a makarantar allo da ta boko ga yaron da aka raba da garinsu. Ana yi wa Katsina kirari da ɗakin kara, kuma kara ba ta da wurin gwaji da ya wuce bakin ƙofa, a gaban baƙon da ba shi da abin sakayya.