Neman Kyamara A Birnin Ikko

Ran da kyamarata ta suɓuce mini ta faɗi a Idumota, ji na yi kamar an yi mini rasuwa. Nikon D40 ce, ƙirar 2006, da ita nake koyon ɗaukar hoto, ga kuma ɗaurin auren ƙanwata ranar Asabar a Agege, na riga na yi alkawari.

Aka ce in tafi Ikeja, kasuwar Computer Village. Kai, jama'a! Tun daga bakin titin Otigba 'yan kamasho suka yanyame ni, wannan ya ja riga, wancan ya rantse shagon maigidansa ne kaɗai na gaskiya.

Sabuwa dai ta fi ƙarfin aljihuna, sai na nufi 'yan gwanjo, abin da Yarabawa ke kira tokunbo. Wani dattijo mai gyara ya haska gilashin tawa da tocila, yana neman fumfunar da laimar Ikko kan haifar. Bai ga kome ba. Ya ce, "Malam, gilashinka lafiya lau. Sayi gangar jikin kaɗai."

Na ɗauki D3100, ƙirar 2010, gilashina ya zauna mata daram. Ɗan abin da ya rage na sayi batir, don na tsohuwar ba ya shiga, ya zama kuɗin motar Agege sai da dattijon ya cika mini.