Na koma wurin Alhajina na Bodija

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, musamman mu 'yan mastas, kun san ba wanda zai ci gaba da turo maka kuɗin abinci kana shekara ashirin da takwas. Gida sun yi nasu a digiri na farko. Shi ya sa da na samu gurbi a Jami'ar Ibadan, fannin tattalin arzikin noma, na zauna na lissafa kuɗin makaranta da hayar ɗaki a Agbowo, na ga ba yadda za a yi sai da aiki. Aikin da na sani a garin nan kuwa guda ɗaya ne: shagon wake na wani Alhaji a kasuwar Bodija, inda na yi rubutun buhu daga 2015 zuwa 2016, kafin na samu shiga jami'a a gida.

Shekarun da suka wuce a tsakani sun fi yadda aka tsara. Korona da yajin aikin ASUU na 2020 sun ci nasu, na 2022 ya ƙara cin wata takwas, sannan hidimar ƙasa. Da muka rabu da Alhaji lafiya muka rabu, har kuɗin mota ya ba ni, kuma duk sallah ina kiransa. Wannan kiran ne ya bar min ƙofa a buɗe.

Karɓata bai yi wuya ba. Inda abin yake shi ne matsayi. Yaron da a da nake aika ya sayo mana shayi a Sabo, yau shi ne hannun daman Alhaji. Yana da mota, yana da iyali, shi ke zuwa Dawanau da Potiskum saro kaya. Ni da digirina shi ke ce min ga tirelar da za a sauke, ga wadda za ta jira. Ya kan kira ni "Malam" yana murmushi, ni ma in ce "Oga", kowa ya san akwai tsokana a ciki. Amma wallahi ya fi ni sanin wake nesa ba kusa ba. Ya damƙi tafi ɗaya ya tauna, ya gaya maka na bana ne ko na bara, an sa masa magani ko ba a sa ba. Ni sai na buɗe littafi.

Sai maganar kuɗi, wadda na san da yawanmu ita ke hana mu komawa wurin tsohon maigida. A al'adarmu yaro ba ya yanka wa maigida albashi, abin da ya ba ka ka ce Allah ya saka da alheri. A 2015 hakan ya yi min, don gidansa nake ci, a shago nake kwana. Yanzu ina da haya da kuɗin rajista masu ranar biya. Na bari sai bayan la'asar da ya rage shi kaɗai, na durƙusa na ce, "Baba Alhaji, kwana uku zan iya zuwa a mako, sauran na lakca ne, kuma ina roƙon a tsayar min da abin da zan riƙa samu a wata." Ya yi shiru har na ji zufa. Can ya ce, "Wato boko har ya koya maka yanka min kwanaki?" Sai ya yi dariya, ya faɗi nasa, na ƙara kaɗan, muka daidaita. Tun daga ranar ya daina aikena sayo kati.

Aikin ma ya canja. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 yawancin matan da ke sarar kongo-kongo da tiransifa suke biya, kuma Alhaji ba ya yarda da alat sai an duba. Bashi kuwa har yanzu a kansa yake ajiye shi. Ni ke mayar da shi cikin littafi da waya. Yarbancina da na ɗauka ya gudu, sati biyu ya dawo, har da na ciniki.

Akwai abin da muke ja-in-ja a kai. A shekarar da na fara aiki wurinsa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwari da ake samu a ciki. Na kawo masa maganar buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. Ya ce tsada, kuma waye zai biya bambancin? Ya yarda a gwada buhu ashirin. Suna can kusurwar sito, kullum sai ya zo ya latsa su.

Binciken digirina ma a kan farashin wake ne tsakanin Dawanau da Bodija. Ya ba ni tsoffin littattafan shago, da sharaɗin kada sunan mai bashi ko ɗaya ya fita.

Makon jiya ya ce in na gama yana so in riƙe masa kayan da ke zuwa Mile 12 a Legas, da kaso a cikin riba. Mahaifina a gida kuma aikin gwamnati yake jira in samo, ko lakcara. Na ce wa Alhaji ya ba ni zuwa bayan jarrabawar wannan zangon. In akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan tsakanin maigida da gida, ina son jin yadda ya ƙare.