Ɗan Kabejin Brussels da Mai Shan Warfarin

Ban taɓa ganin kabejin da bai kai ƙwan zabo girma ba sai da karatu ya kai ni Ingila. Da sanyi ya kankama, musamman dab da Kirsimeti, za ku tarar da shi jibge a kantuna, wani ma yana manne a jikin karansa. Sunan birnin Brussels na ƙasar Beljiyam ya ɗauka, amma tsatsonsa ɗaya da kabejin da ake kawo mana daga Jos.

Ranar farko na yi masa dahuwar ganyen miya, na bar shi yana tafasa fiye da minti 20. Ya yi luguf, launinsa ya ƙoɗe, gidan ya ɗauki wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Laifina ne: akwai sinadarin farar wuta a cikinsa, doguwar dahuwa ce ke fito da shi, bitamin C kuma ya tsiyaye cikin ruwan.

Ga yadda nake yi yanzu. Ku datse gindin, ku cire ganyen da ya yi yaushi, ku raba kowanne biyu. Ku kifa su a kasko mai ɗan mai, minti 4 ko 5, har gefen da aka yanka ya yi ja. Sai ruwa cokali biyu da tafarnuwa, a rufe minti 3. Gishiri kaɗan, matsin lemun tsami, yaji ga mai so. Kafin shinkafa ta tsotse ya kammala. Mai hawan jini ya haƙura da dunƙule.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, wani dattijo ne da ke karɓar warfarin a wurinmu, maganin da ke hana jini daskarewa a jijiya. Gwajinsa na INR, wanda likita ke so ya tsaya tsakanin 2 da 3, ya daɗe daidai, sai kwatsam ya faɗo ƙasa da 2. Bai tsallake ƙwaya ko ɗaya ba. Da na bi diddigi, ashe 'yarsa ce ta samo wannan kabeji daskararre a wani babban kanti a Abuja, ta ji ana yabonsa, take dafa masa kullum har mako biyu. Da kyakkyawar niyya ta yi. Sai dai giram 100 na dafaffensa na ɗauke da bitamin K kimanin maikirogiram 140, fiye da abin da babban mutum ke buƙata a yini, shi kuwa warfarin aikinsa dakushe bitamin K. Idan ganyen ya yi yawa farat ɗaya, ƙarfin maganin ya ragu, gudan jini na iya toshe hanya zuwa ƙwaƙwalwa.

Ido ya raina fata, ta ce daga yau ta raba shi da duk wani ganye, har alayyafo. Na ce, "Hajiya, wannan ma haɗari ne. In kika janye gaba ɗaya, maganin zai yi ƙarfi, Baba ya kama zubar jini." Abin da ake nema shi ne kima ɗaya kowane mako, kuma a faɗa wa likita ko mai harhaɗa magani kafin a sauya cima.

Muka tsaya a kan ƙwaya biyar, sau biyu a mako, aka ba shi ranar sake gwaji. Da zai tashi, dattijon ya raɗa mini cewa shi dama dafaffen zogale da ƙuli ya fi so.