Tela Mai Duban Taurari

Galibin mutanen da su ke shiga ajin yaƙi da jahilci, in ka tambaye su abin da ya kawo su, amsarsu ba ta wuce uku. Wani ya ce ya gaji da kai wasiƙarsa a karanta masa, asirinsa yana tonuwa. Wani ya ce so ya ke ya iya duba rasit, kada a cuce shi a kasuwa. Wani kuwa aiki ya ke nema. Duk dalilai ne masu kyau. Amma karatu kamar rijiya ne. Mutum ya gina don ya shayar da akuyarsa, ran nan sai ya ga ashe har lambu ya samu. Ga labarin wani tela a Fagge wanda karatu ya kai shi inda bai zata ba.

Fagge dai tana wajen ganuwar Kano, tsakanin Birni da Sabon Gari. Tun zamanin da zangon fatake ce, yau kuwa ga Kantin Kwari, ga masu canjin kuɗi na Wapa, ga teloli ko wane lungu. A nan aka haifi telan nan, yanzu shekarunsa sun haura saba'in. Bai yi boko yana yaro ba. Daga makarantar allo sai aka danƙa shi ga wani tela, yana ɗinka maɓalli, yana hura gawayin dutsen guga.

A shagon nan akwai akwatin rediyo, shi ne mafarin al'amarin. Cikin 1961 aka ba da labari wani Barashe, Yuri Gagarin, ya kewaya duniya cikin kumbo. Ran 20 ga Fabrairu, 1962, wani Ba'amurke, John Glenn, ya kewaya ta sau uku. Abin da ya fi ba yaron mamaki shi ne jin cewa Amurkawa sun kafa tashar bin sawun kumbo a nan Kano, har mutumin nan ya yi magana da ma'aikatanta yana wucewa ta bisa. Watau yana nan zaune da allura a hannu, wani ɗan Adam ya ratsa ta kan Fagge bai ko sani ba. Cikin Yuli 1969 kuma aka ce Neil Armstrong ya taka wata. Gari ya ɗauka, har Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon waƙa, ciwon idon da ya ɓarke a shekarar nan kuwa aka sa masa suna Afolo. Dattawa suka ce ƙarya ce irin ta Nasara. Shi kuwa ya riƙe abin a zuci, ba shi da hanyar bincike, don ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba.

Sai da ya yi aure, ya buɗe shagon kansa, sa'an nan dama ta samu. Cikin 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilmin manya ta Jihar Kano, aka buɗe azuzuwa unguwa unguwa. Ya shiga, yana da shekara talatin da 'yan kai, ya zauna benci ɗaya da yaran shagonsa, bai ji kunya ba. Da ya fara haɗa baƙi, malamin ajin ya ara masa wani ɗan littafi, Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda Umaru Dembo ya rubuta, aka buga a Zariya cikin 1969. Labarin wani yaro ne da wani baƙo daga sama ya ɗauka cikin kumbo ya zaga da shi sararin samaniya. Mako uku ya yi yana fama da shi, yana bi da yatsa a gaban fitilar ƙwai. Da ya kai ƙarshe ya komo farko.

To, ya kai mai karatu, irin wannan shi a ke kira ƙagaggen labarin kimiyya, kuma ya kamata ka san bambancinsa da tatsuniya. A tatsuniya, in mutum ya tashi sama, aljani ya ɗauke shi, ba mai tambayar ta yaya. A labarin kimiyya kuwa tilas mai rubutu ya kawo dalili: wane irin jirgi, me ya ke sha, yaya mutum zai yi numfashi inda babu iska. Mai layar zana ya ɓace, an gama magana. Amma a nan, in mutum zai ɓace, sai an ƙera na'urar da za ta ɓatar da shi, sa'an nan a duba abin da zai aikata da ita, alheri ko sharri. Wani Bafaranshe, Jules Verne, ya rubuta labarin tafiya wata tun 1865, aka ɗauke shi mafarki. Bayan shekara 104 aka je.

Telan nan ya nemi wani littafin irin wannan da Hausa, ya rasa. Ya sami Ruwan Bagaja, ya sami Ganɗoki, ya ji daɗinsu, amma ba su ne ƙishirwarsa ba. Saboda haka ya shiga koyon Turanci da ƙamus, kalma kalma, kamar kaza tana tsintar tsaba. Ko wace Lahadi ya ratsa zuwa Sabon Gari wurin masu sai da tsofaffin littattafai, ya tona, in ya ga mai hoton kumbo a bango ya saya. Da dare wani lokaci ya shiga siliman Plaza. Sauran jama'a sun zo don waƙar Indiya, shi kuwa yana jiran ranar da za a sa na 'yan sama jannati. Ya sayi akwatin ƙarfe irin na amare, ya riƙa tarawa, yana barbaɗa magani saboda gara.

Kada ka zaci abin ya zo masa a sauƙaƙe. Maƙwabta suka ce ya taɓu. Cikin 1986, sa'ad da tauraruwa mai wutsiya da a ke kira Halley ta bayyana, ya tashi iyalinsa kafin asuba, ya kai su bayan gari inda babu hasken lantarki. Abin da suka gani bai fi ɗigon alli da aka shafe ba. Uwargidansa ta dube shi ta ce, "Malam, a kan wannan ka hana mu barci? Tauraron nan shi zai ba mu tuwo?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, yi haƙuri ki ƙara dubawa. Ba za ta komo ba sai bayan shekara saba'in da biyar." Ta ce, "To, Allah ya kai masu rai."

Maganarta kuwa tana da ƙamshin gaskiya, don kuɗin littafi daga bakin tukunya ya ke fita. Daga baya suka yi shiri: kuɗin ɗinkin sabon kaya na gida ne, ba a taɓawa, kuɗin faci da gyaran zif kuwa nasa ne, ya sayi abin da ya ga dama. Da wannan sharaɗi suka zauna lafiya. Har wa yau zuciyarsa ba ta kwanta ba sai da ya je wurin malaminsa na zaure, ya ce, "Allah gafarta Malam, karanta labarin da aka ƙaga laifi ne?" Malam ya tambaye shi ko yana hana shi salla, ko yana hana shi neman halal. Ya ce a'a. Malam ya ce to, labarin da mai shi ya faɗa tun farko cewa ƙage ne bai yaudari kowa ba, duban sama kuwa ba ya ƙara wa mai hankali kome sai tsoron Wanda ya yi ta.

A bayan littattafan nan ne ya karanta cewa masu son irin waɗannan labarai suna da babban taro na duniya, ana ce da shi Worldcon. An fara shi a birnin Niyok cikin 1939 da mutum wajen 200, yanzu kuwa dubbai ke halarta. Cikin 2023 an yi shi a Chengdu ta ƙasar Sin, cikin 2024 a Glasgow, amma ba a taɓa yin sa a Afirka ba. A nan a ke ba da kyautar Hugo, wadda Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta ci cikin 2016 da littafinta Binti. Abin da ya fi kama zuciyarsa shi ne, masu gudanar da taron nan duka 'yan sa kai ne, ba a biyan su ko anini. Masu karatu ne su ke tsaron ƙofa, su ke jera kujeru, don kawai abin da su ke so ya rayu.

Ya san ba shi da kuɗin jirgi zuwa can. Amma wanda bai sami kifi a teku ba, ai ba ya raina na tafki. A Kano akwai reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, akwai kuma sauran tarukan marubutan Hausa da bukukuwan ƙaddamar da littafi. Sai ya kai kansa. Ba marubuci ba ne, bai kuwa ce shi ne ba. Shi ne dai mai riga kowa zuwa. Ya share zaure, ya jera kujeru, ya gwada lasifika, ya duba ko akwai mai a janareta. Ya tanadi butoci da tabarmi saboda salla. Ƙyallen da a ke shimfiɗa wa babban tebur shi ya ɗinka, kyauta. Ya zauna bakin ƙofa da littafin rajista, wanda bai iya rubuta sunansa ba ya rubuta masa a hankali, ba tare da kowa ya lura ba, don ya san zafin abin. In an watse shi ne na ƙarshen fita.

Wannan ma ya ci masa. Wata shekara taro ya faɗo ana saura kwana huɗu Salla, lokacin da tela ba ya barci. Ya rufe shago ya tafi, kayan wani babban mai ba shi aiki ba su kammala ba, mutumin ya kwashe yadinsa bai sake komowa ba. A taron nan kuwa aka yi ta godiya ga manyan baƙi, har da waɗanda ba su zo ba, ba wanda ya ambaci mai jera kujeru. Babban ɗansa ya ce, "Baba, wannan wahalar ta mece ce? Ko sunanka ba su sani ba." Ya ce, "Kai, ka taɓa ganin an yaba wa zare? Riga a ke yabo. Amma zare shi ka ga abin da zai saura."

Abu ɗaya ya ke nema a bakin ladansa. Ko wane taro, in an zo lokacin tambaya, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malamai, an rubuta mana soyayya, an rubuta mana tarihi. Wa zai rubuta mana yadda Kano za ta zama nan da shekara ɗari? Ina za mu sami ruwa? Me za a yi da wannan rana da ke dukanmu a banza?" Tun ana dariya har aka saba, wasu na cewa ga mai kumbo ya tashi. Shi kuwa ra'ayinsa shi ne, mutanen da ba su ƙaga gobensu da harshensu ba, sai su zauna cikin goben da wasu suka ƙaga musu.

Yanzu tsufa ya zo. Yana ta rufe masa ido, an yi aiki, ɗaya ya buɗe kaɗan, amma ba ya iya zura zare a allura, balle ƙananan baƙaƙe. 'Ya'yansa maza ba wanda ya gaji halinsa, har ɗaya ya kawo shawara a sayar wa masu ƙosai da takardun su riƙa ƙunshi. Wannan magana ta fi ciwon idon yi masa zafi. Sai Allah ya kawo mafita ta inda bai zata ba. Wata jikarsa, 'yar makarantar sakandare, ita ke karanta masa bayan sallar isha'i. Tun tana yi don ladabi har abin ya shige ta. Ran nan ta ce, "Kaka, tun da sun ƙi rubutawa, ka faɗa ni in rubuta." Suna nan suna yi, shi da baki, ita da biro. Labarin wata yarinya ce mai gyaran injin da ke tace ruwan Jakara har ya zama na sha. Ko za a buga shi, Allah ne masani. Amma mabuɗin akwatin ƙarfen nan yana hannunta, ranar taro kuwa ita ke riƙe masa hannu, ita ke zama bakin ƙofa da rajista.

To, ya kai wanda ya karɓi takardar shaidar gama aji, kada ka ninke ta ka sa ƙarƙashin katifa ka ce an gama. Karanta wasiƙarka, duba rasit ɗinka, sa'an nan ka nemi littafin da zai sa ka tambayi abin da ba ka taɓa tambaya ba. In ka sami abin da ka ke so, kada ka ci kai kaɗai. Je inda a ke taruwa dominsa, ko da tsintsiya ce a hannunka. Tauraruwar nan za ta komo cikin 2061. Telan Fagge ya san ba lalle ya gan ta ba, amma ya bar wadda za ta fita bayan gari ta duba, ta kuwa san abin da ta ke kallo. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.