Batir ba ya mutuwa rana guda

Jama'a masu saurare, kun lura? Da sanyin safiyar Disamba motocinmu ke ƙin tashi a Damagaram, sai mu ɗora wa hunturu laifi. Alhali zafin Afirilu da Mayu, mai wuce digiri 40, shi ya shanye ruwan batir tun tuni. Sanyi asiri kawai ya tona. A zafinmu, batir in ya kai shekara 3 ya yi ƙoƙari. Kuma ƴar tafiyar Birni zuwa kasuwar Dole ba ta cika shi. Mu riƙa duba ruwansa, mu ƙara tatacce, ban da na pampo, mu goge farin garin kansa. In naƙuda ta tashi tsakar dare, wa za mu tayar ya tura mana?